Jajayen Ƙwayoyina

Shekarar da Yaya ta dawo gidanmu a Tarai wankan jego, mu biyu muka lalace. Ita wuyanta ya kumbura, kullum tana jin sanyi, gashinta na zuba. Ni kuwa ina ɗaga taɓarya jiri zai ɗebe ni. Amma a bakin Inna, Yaya ce mara lafiya, ni raguwa ce kawai.

Da za a kai Yaya asibiti a Rano, da naci na samu aka tafi da ni, aka ɗebi jininmu. Ranar da sakamako ya fito, likita ya ce lambar gwajin jinin Yaya ta haura sosai, kuma haurawar nan na nufin abin cikin wuyanta, wanda kan zama maƙoƙo, ya rage aiki. Ya rubuta mata wata 'yar farar ƙwaya. Ni lambata daidai take, jinina ne ya yi ƙasa, aka rubuta mini jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da bitamin.

"Kin ji ko?" in ji Inna. "Ƙarin jini kawai. Wa ke da cikakken jini a ƙauye?"

Sun fita neman mota, ni na tsaya karɓar magani. Mai ba da maganin ya ja mini kunne: farar a sha ta da ruwa tun ba a ci komai ba, kuma kada a haɗa ta da irin nawa, hana ta aiki suke yi.

A gida Yaya ta samu farfesun kaza da sannu, ni na samu daka da ɗebo ruwa. Kuma a gidanmu magani kamar tuwo ne, wanda ya fi jin jiki ake tura wa. Inna ta kwashe ƙwayoyina, kowace safiya ta haɗa wa Yaya fara da ja, ta kora mata da kunun kanwa. Ina tsaye ina kallo. Wallahi na sani, kishi ne ya ɗinke mini baki. Na ce a raina, tunda har ƙwayoyina nata ne, ta sha mu gani.

Bayan wata biyu muka koma, lambar Yaya ba ta sauka ba. Likita ya tambayi yadda take shan magani, Inna ta zayyana masa da alfahari. Ya dafe kai, ya yi mata bayani, sannan ya ce, "Mai jajayen fa, me ta sha? Mama, dubi tafin hannun yarinyar nan."

Inna ta kama hannuna ta juya shi. Fari fat. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe da gaske kike, 'yar nan."

Har muka isa Tarai ba ta saki hannun ba. Yaya na gefe da jaririnta, ta ƙudundune cikin mayafi da tsakar rana tana karkarwa. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, daɗi nake ji.