Babur ɗin Bulus, zanen nawa

Jama'a, ku ji abin da Bulus ɗan kawuna ya yi min yau a unguwar Romi.

Tsohon babur ɗinsa, ni na zana yadda za a gyara shi a littafina. Mako uku ina awo da rula. An cire robobin, an gajarta sit, ya fito kamar na tsere.

Mutane suka kewaye shi, har 'yan ajinmu suna hoto.

Wani Alhaji ya ce, "Wa ya tsara wannan?"

Bulus ya ce, "Daga kaina ya fito."

Raina ya sosu.

Alhaji ya miƙa masa biro: "To zana min irinsa yanzu."

Bulus ya matso yana raɗa, "Ɗan'uwa, ina littafin nan?"

Yana cikin jakata. Na ce, "Wane littafi?"