Takardar da Na Ƙi Rubutawa

Abubuwa da yawa sun faru da ni a shekarun da na yi ina aikin akawun kotu, wasu ma ko an tuna mini sai na yi dogon nazari kafin su dawo. Amma akwai guda ɗaya da na san har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Ba wata gagarumar shari'a ba ce. Takarda ce 'yar falle ɗaya, wadda rubuta ta ba ya cin minti biyar, na ƙi rubutawa.

A lokacin ina wata ƙaramar kotu a ƙasar Gwandu, shekarata goma sha shida a bakin aiki. Rajistaranmu, wato shugaban ma'aikatan ofishin kotun, ya yi ritaya, aka ce in riƙe kujerar kafin a naɗa wani. Wata takwas na yi ina riƙo. Makullan ofis suna aljihuna, masinja ya daina ce mini Malam Akawu ya koma "ranka ya daɗe", ni kuwa har tafiyata ta sauya. Ban taɓa kawo wa raina cewa kujerar za ta wuce ni ba. Matata ta gama baza wa danginta labari, ni ma na ba da ɗinkin babbar riga na ajiye don ranar da takardar ƙarin girma za ta fito.

Takarda ta fito, amma da sunan wani. Da baƙo ne daga nesa, da wataƙila na haƙura. Mutum ne da na riga shi shiga aiki da shekara bakwai cur, wanda ni na koya masa yadda ake huda fayil a ɗaure da zare, ni na koya masa yadda ake kiran ƙara ba tare da murya ta yi rawa ba. Daga baya aka mayar da shi kotun Kalgo. Can ya riƙa zuwa karatu Asabar da Lahadi har ya samo difloma a fannin shari'a, aka ɗaga shi mataki biyu a lokaci guda, ya tsallake ni ina zaune.

Ofis ya rabu biyu. Mu tsofaffin hannu muna cewa girma da shekarun aiki yake, matasa masu takardu suna cewa zamani ya wuce nan. Na rubuta koke shafi uku zuwa hedikwata, na jera shekaruna da watannin riƙona, aka amsa mini da layi biyu cewa an bi ƙa'ida. Ba ƙa'idar ce ta fi ƙona mini rai ba, ladabin mutumin ne. Ranar da ya zo karɓar aiki ya rusuna ya gaishe ni, ya kira ni Yaya kamar yadda ya saba, ya ce shi har yanzu ɗalibina ne. Na miƙa masa makullan ina murmushin dole. Ina fata ya yi mini girman kai ko sau ɗaya in samu abin riƙewa, bai yi ba. Idan na ji masu ƙara suna tambayar ina Rajistara, aka nuna musu ƙofarsa, sai in ji kamar an mare ni. Hassada ce tsagwaronta, yanzu na san sunanta, amma a lokacin cewa nake yi haƙƙina nake nema.

Sai na yanke wata shawara da na ɗauka dabara ce. Na ce daga yau ba zan ƙara yin komai ba sai abin da aka umarce ni. Tunda takarda ce ke aiki, to ta yi mu gani. A kotu kuwa rabin aiki ba a rubuce yake ba, sabo ne. Ɗaya daga ciki shi ne takardar kawo wanda ake tsare da shi. Idan mutum yana gidan yari yana jiran shari'a, sai an rubuta wannan takarda, alƙali ya sa hannu, masinja ya kai ta kwana biyu kafin ranar zama, sannan a kawo shi. Shekara da shekaru ni nake yin wannan ba tare da kowa ya ce mini uffan ba. Shi kuwa sabon rajistara, lokacin da yake Kalgo ya fi zama kan shari'ar aure da gado, kuma da ya zo nan ya tarar da aikin yana tafiya da kansa, bai san akwai hannun da ke tura shi ba.

A makon nan akwai shari'ar wani manomi daga ƙauyen Kambaza. Sun yi rikicin iyakar gona da ɗan baffansa, ya kai masa duka da ƙotar fartanya ya fasa masa goshi, aka tsare shi. Dattawa suka shiga tsakani aka sasanta, mai ƙara ya yarda zai janye. Abin da ya rage kawai a kawo mutumin gaban alƙali ranar Alhamis a sallame shi. Kuma mai gari ya hana kowa taɓa gonar sai kotu ta rufe maganar, ga shi an fara ruwan shuka. Duk wannan na san shi, domin ni na rubuta shi a fayil da hannuna. Ranar Talata na ɗauko fom ɗin takardar, na dube shi, na mayar da shi cikin durowa na rufe. Na gaya wa kaina ai ban ɓoye komai ba, ban yi ƙarya ba, shiru kawai na yi.

Ranar Alhamis dattawan Kambaza suka cika benci, ga mai ƙara da tabonsa a goshi, ga matar wanda ake tsare a can baya da goyo. Na miƙe na kira ƙarar da murya garau, aka jira, ba a ga mutum ba. Alƙali ya tambaya, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya ce ba a aika takarda ba. Nan take alƙali ya juya kan rajistara ya wanke shi tas a gaban jama'a, har ya ce masa ba a rataya difloma a bango ta yi aiki da kanta. Rajistara yana tsaye, yana ta ba da haƙuri. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Na sunkuyar da kai kamar ina rubutu don kada a ga fuskata.

Daɗin bai kai minti biyu ba. Alƙali ya buɗe littafinsa ya ce washegari zai tafi wani kwas, daga nan kuma hutun Sallah, saboda haka an ɗage shari'ar sai bayan mako huɗu. Wani dattijo ya miƙe da ƙyar ya ce, "Ranka shi daɗe, tun da asuba munka taso. Ƙasa ta jiƙa, kowa na shuka. In anka kai wata guda, mi za shi ci bana?" Alƙali ya ce ba shi da ikon sallamar mutumin da ba ya gabansa. Matar nan ta fita, na ji kukan goyonta har ta kai bakin titi.

Bayan an tashi rajistara ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya tambaye ni ko na san da maganar takardar. Na ce masa bai ce in rubuta ba. Ya dube ni ya ce, "Gaskiya ka faɗa, Yaya, ban ce ba. Amma don Allah daga yau in ka ga zan yi kure, ka kunyata ni a gaban kowa, na yarda. Kada dai ka sake bari wani ya kwana a tsare saboda ni." Bai kai ni ƙara ba, bai gaya wa alƙali ba. Ya yi ta zirga-zirga a kan babur yana neman wani alƙalin da zai saurari shari'ar, abin bai yiwu ba. Sai da mako huɗun nan suka cika aka sallami manomin.

Da kaka muka je Kambaza tare da alƙali duba wata gona a kan wata shari'ar daban. Ko'ina gero ya nuna, ana ta yanka ana ɗaure damma. A tsakiyar gonakin nan sai na hangi wata guda, karan geronta gajere ko ƙirjina bai kai ba, zangarniyoyi ƙanana kamar yatsa, babu ƙwaya. Mai ita, manomin nan da aka tsare, yana tsaye a gefe, shi ya fara gane ni. Ya zo da fara'a ya kama hannuna da hannu biyu, ya ba ni haƙuri wai ba shi da abin da zai yi mini tsaraba, bana ko dami biyar bai haɗa ba, yana shirin tafiya cirani ya bar iyali wajen surukai. Sannan ya rage murya ya ce, "Mun ji komi, Malam. An ce wanga sabon na Kalgo shi ya mance. Wallahi da kai anka ba kujerag ga, da haka ba ta same ni ba."

Wata da watanni ina jiran wani ya faɗi wannan maganar, ga shi an faɗa mini ita a bakin gonar da na kashe. Na buɗe baki in gaya masa gaskiya, na kasa. Abin da na iya cewa kawai Allah ya kawo mai albarka baɗi, ya ce amin, har da yi mini godiya.

Bayan shekara uku ni ma aka ba ni rajistara, kuma Kalgo aka tura ni. Ban ji daɗin da na zata zan ji ba. Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, rigimar wane ne gaba wane ne baya tsakaninmu ma'aikata ba a kanmu take ƙarewa ba. Mu biyun da muke ja-in-ja kowa ya koma gida ya ci tuwonsa a ranar, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya rasa abincin shekara. Tun daga nan, duk sa'ad da na ji hassada ta fara motsi a raina, sai in tambayi kaina gonar wa za ta kwana babu shuka a wannan karon.