Riƙon Hannu a Wheaton

Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru, don ba na son labari mai tsalle-tsalle.

Na zo ƙasar nan a farkon shekarun tamanin, na bar matata da yara a Jos har takardunsu su fito. Aikina a wani asibiti ne cikin Washington, ina tura marasa lafiya a keke zuwa ɗakin hoto, in komo da su. Haya kuma a Wheaton nake, wani gari a gefen birnin, a hawa na biyu na wani dogon bene. Lahadi coci, Asabar cefane, sauran ranaku aiki. Ban taɓa sauya wannan tsari ba.

Aboki ɗaya nake da shi, mutumin Damagaram, Musulmi, mai gyaran na'urori a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Shi ma iyalinsa suna gida. Yana kirana Fasto, ko da yake ni ba fasto ba ne, ni kuma ina ramawa da kiransa Liman. Kowace Asabar zai biyo mini mu taka zuwa kantin 'yan Afirka, mu sayo manja da busasshen kifi da garin tuwo. A hanya yakan kama hannuna muna tafe muna hira, kamar yadda aminai suke yi a Jos ko a Damagaram. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin ba.

A ƙofar da ke kallon tawa akwai wasu Turawa biyu maza. Ɗaya dogo mai gemu, malamin firamare. Ɗayan siriri ne, kullum yana tari. Na ɗauke su gwauraye masu raba kuɗin haya, don mu ma haka muka yi a samartaka. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne fara'arsu. Sauran mutanen benen ko gaisuwa ba sa amsawa da kyau, amma waɗannan in sun gan mu da Liman sai murmushi, har da riƙe mana ƙofa. Ni kuwa ba na yarda da fara'ar da ban san dalilinta ba.

Wata Asabar da rana suka gayyace mu cin abinci. Na so in ƙi, Liman ya ce, "Haba Fasto, maƙwabci ya kira ka, ka ƙi? Ko tsoron cokali mai yatsu kake?"

Muka je. Muna cikin ci sai mai gemun ya dube mu, ya tambaya da Turanci tun yaushe muke tare. Na ce tun shekarar da na zo. Ya ce mun burge shi, su ba su da ƙarfin halin da za su riƙa tafiya a titi hannu cikin hannu. Sannan ya sassauta murya. Ya ce abokin zamansa ba shi da lafiya, kuma ranar da ciwo ya tashi aka kai shi asibiti, shi mai gemun an tsayar da shi a bakin ƙofa, aka ce sai dangi kaɗai. Ya ce shekara da shekaru suna tare, amma a idon doka shi baƙo ne, tunda hukuma ba ta ɗaura wa irinsu aure. "Ku fa?" in ji shi. "Wane shiri kuka yi in ɗayanku ya kwanta?"

Sai a lokacin na gane abin da suke, na kuma gane abin da suka ɗauke mu. Na ajiye cokali. Na ce ina da mata da 'ya'ya, na yi godiya, na tashi. Da zan fita na dubi Liman. Bai razana ba ko kaɗan, lomarsa ma yake ƙarasawa. Wannan natsuwar tasa ita ta fi damuna.

Daga nan zargi ya shige ni, kuma shi ma bi da bi ya zo. Na fara da maƙwabtan: ko da wata manufa suka kira mu? Na koma kan mutanen bene, na tuno matar da take janye ɗanta in mun wuce. Na tuno wani dattijo a cocinmu da ya taɓa ganinmu a kanti, ya gaishe ni sama-sama. Idan magana ta kai Jos fa, ta shiga kunnen surukaina? A ƙarshe zargin ya sauka kan Liman. Ya riga ni zuwa ƙasar nan, yana aiki cikin 'yan jarida masu sanin komai. Ba yadda za a yi a ce bai sani ba. To, me ya sa ya yi shiru? Kuma me ya sa kullum shi ne yake fara miƙo hannu?

A nan zan faɗi matsayina, don kada a yi mini fassara. Na farko, addinina ya ce luwaɗi zunubi ne, kuma ban zo Amirka don in gyara Littafi ba. Na biyu, aure a wurina na namiji da mace ne, da sanin iyaye da shaidar jama'a, kuma takardar hukuma ba za ta mayar da wani abu aure ba. Haka nake a lokacin, haka nake yau. Na uku shi ne wanda bai zauna mini daidai ba. A wurin aikina na ga samari masu cutar da daga baya muka sani da ƙanjamau, an bar musu abinci a bakin ƙofa saboda tsoro. Na ga wanda yake zuwa ya share musu baki, kuma sau da yawa ba ɗan'uwa ba ne. A garinmu wanda ya yi zaman jinya ba a korarsa daga bakin gado. Ban san inda zan ajiye wannan a cikin tsarina ba, sai na bar shi a gefe.

Asabar ta zagayo, Liman ya zo. Da muka sauka ya miƙo hannu, na cusa nawa a aljihu. Haka muka je kanti muka dawo, kamar masu rakiyar gawa. Asabar ta gaba na ce ina da aiki. Ta bayanta ma haka.

Rannan na dawo daga coci na tarar da shi zaune a matakala.

"Fasto, laifin me na yi?"

"Liman, tambaya ɗaya zan yi maka, kuma amsa ɗaya nake so. Ka san abin da riƙon hannu yake nufi a nan?"

"Na sani. Tun watan da na sauka abokan aiki suka gaya mini."

"Shi ne ka bar ni ina yawo a gari kamar wawa?"

"Da na gaya maka, da ka yi abin da ka yi yanzu." Ya dubi tafin hannunsa. "Wallahi Fasto, a ƙasar nan daga Asabar zuwa Asabar ba mai taɓa ni sai mai miƙo mini canji. In ka riƙe hannuna sai in ji kamar ina kasuwar Damagaram. Shi ke nan. In wani abu kake zargi, faɗe shi da bakinka, ina ji."

Ban faɗa ba. Na auna maganarsa, na juya ta, ban sami ƙarya a ciki ba. Duk da haka ban ba shi haƙuri ba, shi kuma ya tashi ya tafi, ya daina zuwa.

Da sanyi ya shigo, siririn maƙwabcin ya rasu. Danginsa suka zo daga wata jiha da babbar mota, suka ɗauki gawa, suka kwashe kaya har da kujerun da muka zauna a kai. Mai gemun yana tsaye a baranda, ba wanda ya ce masa sannu. Na ga wannan da idona, kuma ban ga daidai a ciki ba. Mutuwa a ƙofar maƙwabci, dole a yi ta'aziyya, kuma ba a zuwa ta'aziyya mutum ɗaya kamar ɓarawo. Na buga wa Liman waya.

"Wa za mu yi wa gaisuwar?" ya tambaya. "Dangin sun tafi."

"Wanda ya yi jinyar," na ce.

Liman ya zo da hularsa, ni da kwat ɗina na coci. Muka zauna a ƙasa a falon da babu komai, muka ce Allah ya ba shi haƙuri. Mutumin ya yi kuka, muka jira har ya gama, sannan muka tashi.

Ranar Asabar ce, kuma manjana ya ƙare. Muka sauka muka kama hanyar kanti. Liman bai miƙo hannu ba, yana tafe da nasa a baya. Na ɗaga kai na duba tagogin benen ɗaya bayan ɗaya, na ga labule ya motsa a hawa na uku. Na san matar nan ce mai janye ɗanta. Na kama hannunsa.

"Fasto, ana kallonmu fa," in ji shi.

"Na gani," na ce. "Yi sauri, kada kifin ya ƙare."