Hular da Ta Taso Daga Ikko

A shekarar da aka umarci ma'aikatarmu ta tattara komatsanta ta bar Ikko zuwa Abuja, mai ɗakina ta fara ɗinka mini hula. Ta ce bai dace mutum mai matsayi irin nawa ya shiga sabon babban birnin ƙasa da hular kasuwa a kansa ba. Ta auna kaina, ta yi zane a kan farin yadi, ta zaɓi zare ruwan ƙasa da shuɗi. Aka kawo motar kaya, hular ta yi tafiya a cikin tukunyar miya, da allura soke a jikinta.

Mun iso mun tarar da garin da tituna suka fi mutane yawa. An ba ni ofis da tebur da kujera mai juyawa, amma takardun aikin duk suna Ikko, domin motar da ta ɗauko su ta lalace a hanya. Watanni na yi ina zuwa da safe cikin cikakkiyar shiga, in zauna, in ɗora hannuwa a kan tebur, in tashi idan lokacin tashi ya yi. Ban taɓa makara ba. Na ambaci wannan ne domin a san cewa zama shiru sana'a ce da gwamnati ta horar da ni a kanta.

Na yi shekarun aikina, na kai muƙamin darakta, na yi ritaya. Hula ba ta gamu ba.

Kada wani ya ɗauka Hajiya malalaciya ce. Ban san mace mai aiki kamarta ba. Ta yi kiwon kaji har suka kusa fara ƙwai, sai ta koma koyon ginin tukwane a Ushafa, ta dawo da tuluna marasa baki. Takan tafi Kado sayen kifi ta dawo da dashen lemo da labarin wata mata da ta haifi 'yan uku, kifin kuwa yana can a hannun mai shi, an biya an bari. Hular takan fito lokaci-lokaci. Ta yi layi biyu, sai ta tuna ba ta ba lemo ruwa ba, a hanyar lemo ta ga labule ya karkace, shi ke nan sai wata shekara.

Bayan ritayata likitan ido ya duba ta, ya ce ganinta yana raguwa, kuma irin raguwar da ba ta komawa ce. Zare da allura, in ji shi, nan gaba kaɗan za su gagare ta. A mota, da muka kusa gida, ta juyo ta dube ni.

"Alhaji," ta ce, "ni kam zan mutu ban taɓa gama komai ba."

'Yarmu ta fari, wadda take aikin jinya, ita ce ta kai ta wurin wani likitan dabam. Bayan doguwar tambaya ya ce abin da ke damun Hajiya sananne ne, raunin tattara hankali wuri guda, ba rashin tarbiyya ba ne, haka aka gina ƙwaƙwalwarta tun tana ƙarama, kuma manya da yawa suna fama da shi ba su sani ba. Yarinyar ta cika mana gida da littattafan Turanci da aka rubuta domin irin waɗannan mutane. Na ɗaga ɗaya na ji nauyinsa ya kai na ƙamus. Na tambaye ta ko marubucin ya taɓa haɗuwa da waɗanda yake rubuta wa.

"Baba, ka bari mana. Mama za ta karanta."

Ta fara su duka, cikin murna. A ɗaya ta sa cokali a inda ta tsaya, a wani mataji, a na ukun ta sa littafi na huɗu. Ganin haka na karɓi aikin. Mu da aka koya wa karatu da bulala ba ma tsallake gabatarwa. Kowace safiya in karanta babi, in taƙaita mata shi a lokacin shayi kamar yadda nake taƙaita wa babban sakatare rahoto.

Mun gwada agogo mai ƙararrawa, wanda zai riƙa tuna mata da aiki. Ta so shi ƙwarai, ta buɗe bayansa don ta ga abin da ke kukan. Mun gwada ajiye hular a inda ido zai riƙa ganinta, a kan talabijin, sai ta zama kayan ado har ana share mata ƙura. Sannan na iso wani babi da ya ce irin su Hajiya sukan iya tsayawa kan aiki idan wani mutum yana zaune kusa da su. Ba zai taya su ba, ba zai yi magana ba, ba zai sa musu ido ba. Zama kawai zai yi. Na rufe littafin na ce mata an zo fagena.

Washegari bayan karin kumallo na sa babbar riga, domin ban san yadda ake zaman aiki da singileti ba. Aka shimfiɗa mata darduma a baranda inda haske ya fi, ni kuma na zauna a kujera, hannuwa a gwiwa. Ta ɗinka layi ɗaya, ta ɗinka na biyu, ta ɗaga kai za ta miƙe, ta gan ni, ta koma. Har azahar tana ɗinki. Wata rana na yi kuskuren gyaran murya.

"Ka ji ka da tarin ofis," ta ce. "Af, na ma tuna akwai zuma a kicin."

Ranar ba a sake ganinta a baranda ba. Daga nan na hana kaina ko da tari.

Muna cikin haka wata safiya wani tsohon abokin aikina da ke zaune a Maitama ya zo gaishe ni. Ya sauko daga mota yana ɗaga murya kamar yadda ya saba, sai ya hango ni cikin babbar riga, fuska ba walwala, Hajiya kuma kai a sunkuye. Lokacin tana kan wurin da ya fi wuya a zanen, inda shuɗi ke ratsa ruwan ƙasa. Ya yi sallama, na amsa da leɓe kawai. Ya cire takalmi a hankali, ya zauna a ƙasa, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya shafa.

"Allah ya ba da haƙuri, ranka ya daɗe," ya ce ƙasa-ƙasa.

Haƙuri abu ne da nake bukata a lokacin, saboda haka ban musa ba.

Direbansa ya gani, ya gaya wa maigadinmu. Maigadi ya leƙo yana riƙe da hularsa a ƙirji, ya gaishe ni da gurguwar Hausarsa.

"Oga, sannu. Ni bai sani ba, wallahi ba wanda ya gaya mini."

Shi ma ya zauna. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta sauke ƙwaryarta ta raɓa jikin bango. Maƙwabciyarmu Bagwariya, wadda gonar iyayenta ce aka yanka aka yi unguwar tamu, ta shigo da doya a kafaɗa, ta ajiye, ta ce Ubangiji ya ta'azantar da mu. Kafin rana ta take baranda ta cika, an ƙaro tabarma. Ba mai magana. Ni kuwa ina kallon allurar Hajiya ta wutsiyar ido, tana shiga tana fita da saurin da ban taɓa gani ba. Littafin ya ce mutum ɗaya. Ashe marubucin bai gwada taro ba.

Da aka kira azahar ta cije zare, ta ɗaga kai, ta ga jama'a. Ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wa ya rasu?"

Abokina ya dube ta, ya dube ni. Na miƙe na yi wa taron bayani dalla-dalla, har da sunan ciwon da abin da littafin ya ce. Bagwariya ta yi dariya har ta zauna a kan doyarta, ta ce doya dai ta shigo, ba za ta koma ba. Abokina ya sa takalmi cikin fushi.

"Haba, Darakta! Na bar ganin likita na zo na yi wa hula zaman makoki?"

Washegari sai ga shi ya dawo da kujerarsa ta naɗewa. Ya ce a gidansa ma zaman yake yi, kuma ba wanda yake amfana.

Kafin damina ta sauka Hajiya ta ɗinke saman hular da gefenta. A ƙarshe sai da 'yarmu ta riƙa zura mata zare a allura, domin ramin ya daina ganuwa gare ta. Aka kai wa mai wankin hula ya wanke, ya sa sitaci, ya buga. Rabin da aka yi a Ikko ya koɗe, rabin Abuja yana ƙyalli. Ta ɗora mini ita da hannunta, hular ta zarce ta rufe kunnuwana ta tsaya a kan gira. Sai a lokacin muka tuna cewa da ta auna kaina ina da suma irin ta samarin wancan zamani.

Ta ce in fita rana ta gani. Na fita tsakar gida, ta matso har numfashinta yana taɓa fuskata, ta bi zanen da yatsa tun daga goshi har ƙeya. Sannan ta sauke hannunta.

"Ta gamu, Alhaji."

"Ta gamu, Hajiya."

"Sai dai nan wurin ya ɗan karkace. Miƙo almakashi in warware shi kaɗan, yanzu-yanzu zan mayar."

Na dafe hular da hannu biyu, na ce lokacin masallaci ya yi. Ranar Juma'a ce, ko hantsi bai gama ba. Na tafi a haka, ina ɗaga haɓa domin in ga hanya, na zauna a sahun farko ni kaɗai har ladan ya iso.