Safiyar da rumfar motata ta ƙi rufuwa a Filinge

Mun tashi da asuba daga Yamai, ni da uwargida, muka kama hanyar Filinge don mu ɗauko Gwaggo, yayar mahaifina. Shekara huɗu ke nan yanar ido ta rufe mata gani, kuma duk tsawon lokacin nan muna lallashinta a yi mata aiki, tana cewa ita babu mai sa mata wuƙa a ido. Bana Allah ya sa ta yarda. Likitocin ido baƙi da suka zo Yamai sun ba mu randebu, wato lokacin ganinsu, washegari ƙarfe goma sha ɗaya, ranar ƙarshe da za su yi aiki kafin su tashi. Sun kuma ja mini kunne cewa in ta zo da mura ko tari, ba za su taɓa ta ba.

Motata tsohuwa ce, irin wadda ake naɗe rufinta a baya, ni rumfa nake ce masa. Tamfol ne mai kauri a kan sandunan ƙarfe, da tagar roba a baya, da ƙugiya biyu masu kama saman gilashin gaba. Uwargida na kiranta amalanke mai inji, amma ni na san halinta ciki da waje. Doka ɗaya nake da ita a lokacin ɗari, na kuma sha karanta wa mutane ita ko ba su tambaya ba: ba a naɗe rumfa da sanyi, ba a bari ta kwana a naɗe. Sanyi yana sa tamfol ya tsuke, roba ta ƙage, in ka matsa musu su tsage.

Don haka a rufe muka tafi, iska mai ɗumi na busa mana ƙafafu. A Baleyara muka tsaya shan shayi. Mai shayin ya naɗe kansa da rawani har ido kawai ake gani, ya zuba mana na dala ashirin-ashirin, ya leƙa motar ya tambaye ni ko kuɗin ne bai kai a yi mata rufin ƙarfe ba. Uwargida ta yi dariya har ta kusa ƙwarewa. Shingayen jami'an tsaro kuwa mun wuce su lafiya, a duba takardu, a leƙa baya, a ce Allah ya kiyaye. Daga nan hanya ta bi kwari, goriba da gawo dama da hagu, rumbuna cike a bakin ƙauyuka. Wajen Bankuku lambunan dankali sun yi kore shar, mata na tallar cuku a bakin kwalta. Mun sayi na tsaraba, rabinsa bai kai Filinge ba.

Kafin azahar muka isa. Wanda ya tare mu babban ɗan Gwaggo ne, taubashina, ƙato mai kiwon shanu, wanda tun muna yara ba mu haɗuwa sai an yi tsiya. Aka kawo fura mai kauri da nono, daga baya tuwon hatsi da miyar kuka, na ci har na daina jin abin da ake faɗi. Gwaggo ta shafa fuskata da hannu biyu, yadda ta saba tun da ganinta ya tafi.

Bayan la'asar ta ce, "Ɗana, ba ni tahiya a yanke ni ban nemi gahwara ga mutane ba."

Tsoffin Kurfai, ƙasar su Filinge, haka suke, ba sa fuskantar babban abu da haƙƙin wani a wuyansu. To gidajen da ta lissafa sun fi ashirin, ƙafafunta kuma ba za su iya hawa da sauka a kowane gida ba. Rana na da ɗumi a lokacin, sai na saki ƙugiyoyi na naɗe rumfa, muka zaunar da ita a gaba. Muka riƙa bin unguwa a hankali, a tsaya a ƙofar gida, a yi sallama, mutane su fito su kewaye mota, ta kama hannun kowa ta ce a yafe mata. Wata tsohuwa da suka yi shekaru ba sa ga-maciji kan iyakar gona ta rungume ta ta saman ƙofa, su biyu suna kuka. Ni kaina sai da na juya kai gefe.

Ana kiran magariba muka dawo. Na yi sauri zuwa masallaci da niyyar in na fito in rufe, daga masallaci aka ja ni gaisuwa, daga gaisuwa aka ajiye mini akushi. Ni mai doka, na bar rumfa ta kwana a naɗe.

Da aka sallame sallar asuba na fito, sanyi kamar ana yanka kunne. Na ɗago rumfa, ta taso da ƙyar tana ƙara, tagar roba ta ƙage a lanƙwashe kamar busasshiyar fata. Na lallaba ta zuwa gaba, ƙugiyoyi suka tsaya saura yatsa uku su kai gilashi. Nan na san abin da na jawo. In na jira rana ta yi ɗumi, sai wajen ƙarfe goma, randebu ya wuce. In na ɗauki Gwaggo a buɗe, awa uku cikin wannan iska, da tari za ta isa. Motar tasha kuwa sai ta cika take tashi.

Taubashina ya nannaɗe hannun riga ya ce, "Kauce, ɗan birni. Ni da ka kada bijimin sa ni kaɗai, tsumma za ya gagare ni?"

Na tare shi da ƙirji. Na san ƙarfinsa, ja ɗaya zai yi tagar ta rabu biyu, daga nan kuma babu wata dabara. Muna cikin haka aka fito da Gwaggo a naɗe da bargo, ta tambayi abin da ake wa hayaniya. Da aka gaya mata, sai na ga fuskarta ta saki.

Ta ce, "Ku bar ta. Tun da ta ƙiya, Allah bai nuhwa ba. Ku maishe ni ɗaki."

Na san Gwaggo. In ta koma ɗakin nan da wannan magana a bakinta, an gama, babu likitan da zai sake ganinta. Na ce mata ta ba ni rabin awa kawai, in rumfa ba ta rufu ba, da kaina zan kai ta ɗaki. Ta yarda, da alamar ta tabbata ita za ta ci.

Na tayar da inji, na buɗe iska mai zafi har ƙarshe. Na nufi murhu, inda matar taubashina ta ɗora babbar tukunyar ruwan wankan gida, na ce a ba ni ita duka, da zannuwa. Na surka ruwan har ya zama hannu na iya zama a ciki, don tafasasshe zai lalata roba. Uwargida ta ɗaure ɗankwali ta kama aiki ba tare da ta ce amalanke ko sau ɗaya ba. Muna tsoma zane, mu matse kaɗan, mu shimfiɗa a kan tamfol da taga, in ya huce mu canza. Tukunya ta ƙare, ƙugiyoyi saura yatsa biyu su kai gilashi. Ashe labari ya zaga, sai ga matan unguwa da butoci da tukwane suna tururi, kowa ta sauke nata daga wuta ta kawo.

A hankali roba ta miƙe, tamfol ya yi laushi a ƙarƙashin tafin hannuna. Na sa taubashina ya ɗora tafukansa a kan sandar gaba, na ce ya danna kamar yana shafa kan jariri, ya harare ni amma ya yi. Na shiga ciki na kama ƙugiyar hagu, ta shiga. Ta dama ta ɗan yi gardama, na ƙara mata zane ɗaya, na ja numfashi, na murɗa. Ƙas! Mata suka rangaɗa guɗa. Gwaggo ta ce a miƙo mata takalmanta.

Bakwai da 'yan mintuna muka bar Filinge, ciki ɗumi kamar ɗakin mai jego. Ban tsaya shayi ba, ban tsaya cuku ba. Gwaggo na jan carbi, ni ina kasa kunne ko zan ji tari, har muka shiga Yamai ban ji ba. Goma da rabi muna ƙofar asibiti. Aka yi aiki, da yamma muka kai ta gida da bandeji a ido.

Tafiyar nan ta koya mini cewa sanin doka bai hana mutum karya ta ba, kuma abin da sanyi ya ƙage ɗumi yake so, ƙarfi ɓata shi yake yi. Naɗe rumfar da na yi don tsohuwa ta gaisa da mutanenta kuwa, ko gobe zan sake, sai dai in rufe kafin in tafi masallaci.

Washegari da safe muka koma aka cire bandeji. Gwaggo ta ƙifta ido, ta dubi bango, ta dubi hannuwanta, sannan ta juyo ta tsura mini ido har na fara jin kunya.

Ta ce, "Ɗana, yaushe kay yi hurhura haka?"