Santin da Ban Yi Ba

Wata takwas 'yata ta yi ba ta taka gidanmu na Largo ba, kuma bakina ne ya ja. Ranar Kirsimeti ta ce a bar mata kicin, ita za ta yi tuwo da miyar taushe. Yarinyar da aka haifa a nan Maryland, sau biyu kacal ta taɓa ganin Kaduna, ta yi kwana uku tana kallon yadda ake tuƙa tuwo a waya. Da aka zuba, na ɗanɗana a gaban matan cocinmu su huɗu, na ce, "Wannan tuwo ne ko kunu? A ba ni kofi in sha." Matan suka kwashe da dariya, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta ajiye ludayi, ta ɗauki rigar sanyinta, ta koma ɗakin da take haya a Silver Spring. Tun daga ranar, in na kira ba ta ɗauka, sai dai ta turo saƙo da Turanci wai tana wurin aiki.

Sai a watan Agusta ta turo wani saƙon daban. Wai in zo ranar Asabar mu ci abincin rana, ni da ita kawai, a wani gidan abincin mutanen Girka da take so. Na karanta wa babanta. Ya sauke tabarau ya dube ni, ya ce, "Ke dai na roƙe ki, ki sa wa bakin nan naki linzami. Ko dutse aka dafa, ki ce ya yi daɗi." Na ji haushin maganar, amma ban musa ba, don na san in na sake kuskurewa wannan karon, ba wata takwas za ta yi ba.

Na hau jirgin ƙasa daga Largo, na sauya wani a tsakiyar Washington, na sauka Silver Spring. Tana tsaye a ƙofar wurin, ta ɗan rame, ta yi kitso ƙanana. Ta rungume ni sama-sama, irin rungumar da ake yi wa abokiyar aiki. Ta gaishe ni da Turanci, na amsa da Hausa, kamar yadda muka saba tun tana firamare. Muka shiga. An yi wa bangon fenti fari da shuɗi, an rataye hotunan jiragen ruwa, wurin tsaf babu laifi. Sai dai tun daga bakin ƙofa wani ƙarni ya tare ni, na kifi da lemon tsami da wani ganye da ban san shi ba.

Shekara goma sha tara ina aikin jinya. Na wanke gyambon da ya ruɓe, na kwashe abin da ba a faɗa a gaban abinci, zuciyata ba ta taɓa tashi ba. Da wannan nake taƙama har na zauna a teburin nan.

Ita ta zaɓi komai. Wani dattijo mai kaurin gashin baki ya fara kawo gurasa mai ɗumi, na ce a raina ashe dai mutanen nan suna da hankali. Kusa da gurasar akwai ɗan kwano cike da kindirmo, fari sol, mai kauri. Raina ya yi fari. Na dangwala na kai baki. Jama'a, tafarnuwa. Ɗanyar tafarnuwa da gishiri da gurji a cikin nono. Wane laifi saniya ta yi musu? Nonon da ake dama fura da shi, a zuba sukari a sha a yi hamdala, shi aka mayar miya, miyar ma mai sanyi ƙalau. Na haɗiye da ƙyar, na bi da ruwa. Ta tambaye ni yaya na ji, na gyaɗa kai.

Sai zaitun. Ni man zaitun na sani, wanda ake shafa wa yara in suna mura. Waɗannan baƙaƙe ne, sun yamutse, kamar an tsinto su a turken awaki. Na jefa ɗaya a baki, ga ɗaci ga gishiri, ga ƙwallo a ciki da ya kusa fasa min haƙori. Na tofa shi a tishu a ɓoye, na danna a jaka.

Bayan su aka kawo wasu 'yan ƙulle-ƙulle a cikin ganye, kowanne kamar tsawon yatsa. Nan na ce to, wannan kam na gane, alala ce ta mutanen Girka. Na ɗauki ɗaya na fara warware ganyen a hankali, na ajiye shi a gefen faranti, kamar yadda duk mai tarbiyya yake yi. Sai na ga ta rufe baki da hannu. Ta ce, "Mama, da ganyen ake ci." Na ce da ganyen? Ta ce da shi, ganyen inabi ne. Na dubi abin da na tone, shinkafa ce mai sanyi, tana tsami irin na wadda ta kwana a waje. Shinkafar da in na same ta a tukunyata zan juye a shara ba tare da na yi shawara da kowa ba. Na mayar da ganyen na naɗe, na rufe ido na cusa. Ganyen yana da santsi, ya manne min a dasashi. Tir.

Na ɗauka an gama. Ashe duk wannan share fage ne. Ta gyara zama, idonta yana ƙyalli, ta ce yanzu za a kawo abin da ya sa ta kira ni, abin da ta fi so a duk garin nan. Dattijon ya dire faranti a tsakaninmu. Wani hannu ne, dogo, ya lanƙwashe, jikinsa ja-ja da alamar gashi a wuta, ƙasansa jere da wasu 'yan ƙuraje masu baki a buɗe, tun daga kauri har siririn ƙarshensa. Ta ce wata halittar teku ce mai hannu takwas. Tsigar jikina ta tashi har tsakiyar kaina. Na ce a raina, Ubangiji, ga rago ga kaza ga talotalo ka halitta, me ya kai mutum ƙasan teku neman wannan?

Ta yanko min yanki biyar, ta sa a farantina da hannunta. Abin da ya kashe min jiki ke nan, don rabon da ta miƙo min wani abu tun kafin Kirsimeti. Na soka cokali mai yatsu a ɗaya na kai baki. Ina tauna yana dawowa, ina tauna yana dawowa, kamar ina cin silifas. Ƙurajen nan ina jin su ɗaya-ɗaya a kan harshena. Yawu ya tsinke min, amai ya taso har maƙogwaro. Maganar da ta zo bakina a lokacin, da na sake ta, da har jikokina sai sun ji labari. Na danne ta da abin gaba ɗaya.

To, saura yanki huɗu a farantina, kuma tana kallona. Dabarar da ta zo min ita ce surutu, don mai magana ba a cewa ya ci. Na fara zuba. Na yaba fentin bango. Na tambaya ko ana damina a ƙasar Girka. Na ba ta labarin akuyar kakata a Kafanchan da ta cinye min takardar sakamakon jarrabawa, na koma kan tumatirin maƙwabciyarmu da ya ƙi nuna, na ce kujerar wurin ma ta fi ta cocinmu laushi, ya kamata fasto ya zo ya gani. Ni kaina ban san me nake faɗa ba. Ina magana ina juya yankan nan da cokali daga wannan gefe zuwa wancan.

Tana ta kallona, baki a ɗan buɗe. Can sai ta tuntsire da dariya, ta nuna ni da yatsa, ta ce, "Mama, santi kike yi."

Da Hausa ta faɗa. Hausar a karkace take, ta ja kalmar kamar Baturiya, amma Hausa ce. Rabon da in ji cikakkiyar magana da Hausa daga bakinta tun tana 'yar shekara bakwai. Sai na ji ta miƙo ƙafa ta ƙarƙashin tebur ta tokare ƙafar kujerata, wai ta sa min waigi kada daɗi ya kayar da ni, yadda babanta yake yi wa duk wanda ya saki baki a kan abinci a gidanmu. Ashe duk tana riƙe da waɗannan abubuwan.

Ta koma Turancinta, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce jiya da ƙyar ta yi barci, tana ta tunanin ba zan so ba, har ta kusa turo min saƙo ta ce a fasa. Ta goge gefen ido da bayan hannu. Kafin in ce uffan ta ɗaga wa dattijon hannu, ta ce ya ƙaro faranti guda, mamanta ta ji daɗinsa. Shi ma ya washe baki, ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna min.

Na cinye. Allah shi ne shaidata, na cinye yanki huɗun nan, na cinye rabin farantin da aka ƙaro. Kowace loma sai na bi ta da gurasa da ruwa, idona yana kawo ƙwalla, ita kuwa tana cewa ai lemon tsamin ne. Ban taɓa jin ƙyanƙyamin abu irin na ranar ba, ban kuma taɓa jin daɗin zama da ita irin na ranar ba. Da muka rabu a tashar jirgi ta rungume ni sosai, har sai da cikina ya juya. Tana ba da baya na faɗa wani shagon 'yan Ghana na sayi ɗanyar citta, na yi ta tauna har Largo. Kwana biyu ina gyatsar tafarnuwa. Babanta ya yi dariya har da riƙe ciki, na ce masa in ya kuskura ya faɗa mata, ni da shi ne.

Ranar Lahadin makon da ya biyo, mun dawo daga coci ko ɗankwali ban cire ba, aka danna ƙararrawa. Na buɗe, sai ga ta da farar leda a hannu. Tun kafin ta shigo ƙarnin ya riga ta. Babanta ya shaƙa sau ɗaya, ya amsa gaisuwarta, ya tuna wai motarsa tana son wanki. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta wuce kicin kai tsaye, ta buɗe kabad ɗin da ta sani ta ɗauko faranti guda.

Ta ce, "Mama, babba na saya miki, ba sai kin raba da kowa ba."

Na ja kujera na zauna.