Saran Farko a Gonar Baba Runesu

Shekara talatin da takwas ke nan, kafin zakara ya yi cara ta biyu, Baba Runesu Gwenzi ya riga ya buga tsohon bakin garmar da ke rataye a bishiyar cocin mishan na Mazhara. Ita ce ƙararrawarmu. Daga nan sai rumfar kafinta: bencin makaranta da ya karye, ƙofar asibiti da gara ta ci, akwatin gawa in an yi rashi. Da rana ya ci sadza, tuwon masararmu, da ganyen kabewa a tsaye, wai zama na masu albashi ne.

A takardar sallamarsa daga aiki da dattawan coci suka karanta ranar Lahadi, benci kawai aka ambata. To, ni zan faɗi abin da suka tsallake, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Shekarar farin nan da shanu suka ƙare, wani makiyayi ɗan Mozambik, Ferenando, ya rasu a asibitin mishan. Ba dangi, ba wanda ya san mutupo ɗinsa, wato dabbar da danginsa ke amsa sunanta, balle a kira shi da kirarin zuri'arsa. Sai matarsa Rozina, da ciki wata bakwai. A wurinmu kuwa ba a haƙa kabari sai ɗan'uwan mamaci ya yi saran farko da fartanya. Bare ya yi, an ce ya jawo wa gidansa ngozi, kurwar baƙo mai ramuwa da ba ta barin ko jika.

Kwana uku gawa na kwance. Aka ce in ta kai Juma'a mota za ta zo daga gari, fursunoni su zuba shi a ramin da ba suna. Rozina ta durƙusa gaban dagaci tana tafa hannu irin gaisuwarmu ta girmamawa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ko taku biyu na ƙasa ne, in san inda zan nuna wa abin da ke cikina."

Dagaci ya ce, "Ƙasa ba ta ƙare ba, 'yata. Wa zai sara?"

Muka yi tsuru-tsuru. Har da masu jan waƙar tashin matattu kowace Lahadi, har da ni, malamin makaranta mai takalmi sau ciki. Hannuna na aljihu, kuma har yau ina jin kunyar wannan aljihun.

Sai ga Baba Runesu da fartanya a kafaɗa, garin katako har gira. Wani dattijon coci ya tare shi, ya kira shi da mutupo ɗinsa: "Shumba, ka yi hankali. Kana da iyali."

"Shi ma yana da shi, ga ta nan a durƙushe."

"Ba jininka ba ne."

"Kai da ka ce mana ranar Lahadi duk uba ɗaya gare mu? Ko wa'azin na cikin coci ne kawai, ba ya jure rana?"

Ya wuce gonarsa, muna biye daga nesa kamar masu rakiyar mahaukaci. A gefen gyaɗarsa ya tsaya ya ɗaga murya: "Ferenando, ba ka da mutupo? Na ba ka nawa. Daga yau kai Shumba ne, zaki ɗan zaki, ƙanena. In kana da ƙorafi, ga ƙofata, ka san ta, ni na yi ta." Ya sara.

Kada wani ya ce maka abin ya zo da sauƙi. Aka daina cin abinci a gidansa. Ranar gayya kowa ya sami ciwon baya. Da matarsa ta rasu bayan shekara biyu, tun kafin a rufe ta ake raɗa cewa ngozi ce ta fara karɓa. Na ga Baba ranar, idonsa ya yi ja. Bayan wata huɗu wata tsohuwa da ba a san garinsu ba ta mutu a asibiti, ya sake ɗaukar fartanya.

Kai ne, Baba, wanda aka ce ba zai ga damina uku ba, ga ka da furfura har a kunne, masu faɗin kuwa kai ka ƙera wa rabinsu akwati, ba ka rage musu ƙusa ko ɗaya ba. Kabari goma sha ɗaya ne yanzu a gefen gyaɗarka, kowanne da gicciye da suna. Wanda ba a san sunansa ba ka rubuta masa Shumba. Zaki mai ƙanne a kowace ƙasa!

Ranar sallamar, da aka miƙa masa bargo, ya ajiye shi, ya jawo fartanyar daga ƙarƙashin benci ya ɗora kan teburin fasto. Ya ce, "Bargo na gode. Amma baƙi ba su daina mutuwa don na tsufa ba. Wa zai karɓa?"

Shirun nan na shekarar fari ya dawo, na gane shi. Mun kuma san abin da bai faɗa ba: Baba ba shi da ɗa namiji, 'yan'uwansa duk sun riga shi. Nasa saran ma ba mai yi.

Daga bencin baya wani ƙato ya miƙe, Tapfuma, mai gyaran famfon burtsatse, ɗan da Rozina ta haifa wata biyu bayan jana'izar. Ya tafa hannu, ya ɗauki fartanyar, ya ce, "Baba babba, na baƙi nawa ne. Naka ma, ranar da ta zo, ni zan sara."

Baba ya harare shi. "To, ban da gaggawa, Shumba. Ban gama ƙofar asibiti ba."

Mun gode, Baba Runesu. Ku kuma mutanen Mazhara, fartanya ɗaya ba ta isa gari ba, kuma kowane gida akwai ta a bayan ƙofa. Tawa, jiya na wasa bakinta. Na makara da shekara ashirin da shida, amma hannuna ya fito daga aljihu.